Fitila, maleji da bayan babur: aikin Jamus da aikin Mubi

Wurare uku mai babur ya fi kai wa hannu idan yana son sauya wa mashin ɗinsa kama ba tare da an buɗe inji ba: fitilu, da agogunan da ke gaban matuƙi, da kuma baya, wato daga ƙarshen kujera zuwa inda ake ɗaura lamba. 'Yan notuna ne da wayoyi ke riƙe da su, kayan aikinsu ba su wuce sifana da filaya da sukundireba ba, kuma a kansu ido ke fara sauka. Haka abin yake a Jamus, haka yake a Mubi ta jihar Adamawa. Inda aka rabu shi ne alƙiblar aikin. Bajamushe ragewa yake yi, mutumin Mubi kuwa ƙarawa.

Tushen bambancin yana cikin abin da aka sayi babur ɗin domin sa. A Jamus yawancin masu manyan babura suna da mota ko jirgin ƙasa na zuwa aiki, babur na shan iska ne a ƙarshen mako. Har lamba ta musamman ake bayarwa, wadda aka rubuta watannin da aka yarda a hau shi a jikinta, misali daga wata na 4 zuwa na 10. Sauran watannin sanyi yana gareji, kuma a lokacin ne mai shi ke kwance shi a tsanake, domin ladan bakanike a can da awa ake lissafa shi, kuma yana da tsada ƙwarai. A Mubi babur jari ne. Bajaj Boxer da TVS na Indiya, da Haojue da Jincheng na Sin, su ke haɗa garin da ƙauyukan gindin duwatsun Mandara, su ke bin hanyar Gella da Maiha, da ta Sahuda da ke bakin iyakar Kamaru. Ranar da babur ya wuni a kwance, ranar ce mai shi bai samu ba. Saboda haka aikin da ake yi a gida kaɗan ne: manna sitika, sauya ƙwan fitila, ɗaure abin da ya kwance. Sauran ana kai wa bakanike ko mai wayarin ko mai walda a bakin titi, mai babur na zaune a kan benci yana faɗin yadda yake so, a gama kafin la'asar.

Son gajeren baya da Turawa ke yi yana da tarihi. A shekarun 1950 da 1960 samarin Landan da ke taruwa a shagon shayi na Ace Cafe suka riƙa tuɓe wa baburansu duk abin da ke ƙara nauyi, suna neman gudun mil 100 a awa, kimanin kilomita 160. Sukan yanke madigadi, su cire kujerar fasinja su sa ta mutum ɗaya mai ɗan tozo a baya, wasu ma su ɗora injin Triumph a kan gangar jikin Norton. Tseren ya wuce, amma fasalin ya zauna a idon mutane, kuma shi ake kwaikwayo har yau.

A fannin fitilu, ɗan Jamus ƙanƙanta yake nema. Akwai kamfanoni irin su Kellermann da ke Aachen waɗanda suka yi suna wajen ƙera sigina mai LED da ba ta kai kan ɗan yatsa girma ba, wata ma ta haɗa sigina da danja da fitilar birki a gida ɗaya. Amma ba a ɗaura kowace fitila sai mai ɗauke da tambarin E, alamar cewa an gwada ta bisa ƙa'idar Turai. Doka ta ƙayyade launi: fari a gaba, ja a baya, ruwan lemo ga sigina. Ta ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin siginar hagu da ta dama, ta kuma wajabta kunna fitilar gaba ko da rana tsaka. Duk shekara biyu sai an kai babur gaban masu duba lafiyar abin hawa, TÜV ko DEKRA, kuma gyaran da ya saɓa wa ƙa'ida yana iya soke izinin hawa titi gaba ɗaya. A Ingila irin wannan dubawa, da ake kira MOT, duk shekara ake yin ta da zarar babur ya cika shekara uku.

A Mubi ƙarin haske ake nema, kuma buƙatar ta gaskiya ce. Wanda ya taso daga kasuwar ƙauye bayan magariba, a hanyar da ruwa ya zaizaye, babu fitilar titi, ga shanu na iya ɓullowa daga kwana, ƙwan wat 35 da kamfani ya sa bai ishe shi ba. Sai a sa masa ƙwan LED mai farin haske, a ƙara masa ƙananan fitilu biyu a kan ƙarfen kare ƙafa. Samari kuma sukan ƙara na ado: zirin fitilu shuɗi da kore a ƙarƙashin tanki, danja mai walƙiya, wurin cajin waya, har da ɗan rediyo mai karɓar memori, musamman gab da Sallah ko idan za a raka ango.

Matsalar da ke biyo baya ta wutar lantarki ce, kuma a nan ne ƙwarewar mai wayarin ke bayyana. A ƙananan babura da yawa fitilar gaba ba daga batir take shan wuta ba, kai tsaye take sha daga koyil, shi ya sa haskenta ke dusashewa idan an saki totur, ya ƙaru idan an murɗa. Wannan wuta mai kai-da-komo ce, ƙwan zare ba ya damuwa da ita, amma LED daidaitacciyar wuta yake so. Idan aka soka shi haka nan, sai ya riƙa ƙyaftawa, ko ya ƙone cikin 'yan makonni. Gwanin mai wayarin yakan mayar da layin fitilar kan batir ta bayan makulli. Sai dai batirin ƙaramin babur ƙarami ne, koyil da rektifaya kuma an auna su ne daidai kayan da kamfani ya sa. In aka jibga fitilu da rediyo da babban ham, abin da ake sha ya fi abin da ake caji, batir ya mutu, sigina da fitilar birki su bi shi, a koma ga kik.

Sigina ma tana da nata sirrin, kuma wannan ya haɗa Jamus da Mubi. Ɗan akwatin da ke sa ta ƙyaftawa an yi shi ne bisa nauyin wutar da tsohon ƙwai ke ja, wat 10 ko sama da haka. LED bai fi wat ɗaya ko biyu ba, don haka sai siginar ta riƙa ƙyaftawa da sauri fiye da ƙima, ko ta tsaya cak a kunne. Maganin ɗaya ne a ko'ina: a sauya akwatin da na zamani wanda bai damu da nauyin wuta ba, ko a ƙara abin da zai shanye rarar. Bajamushe dole ya gyara, domin an ƙayyade saurin ƙyaftawar. A Mubi sau da yawa ana barin ta haka, wasu ma suna ganin ado ne.

Abu biyu a aikin fitilu na Mubi sun cancanci a yi kuka da su. Na farko, kaskon fitilar gaba an ƙera shi ne don ya tattara hasken zaren ƙwai daga wuri ɗaya tak, ya karkata shi ƙasa. LED mai arha yakan watsa haske ko'ina, mai babur ya ji daɗi, wanda ke tahowa ya makance na ɗan lokaci a hanyar da ba ta da faɗi. Sunkuyar da fitilar ƙasa kaɗan aikin minti biyu ne, kuma rai yake tsarewa. Na biyu shi ne fis. Idan ya ƙone, an saba a naɗa zaren waya a madadinsa, haɗin wayoyi kuma a murɗe da hannu a naɗe da salatif. Ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa barin irin wannan haɗi, kuma wayoyin a ƙarƙashin tankin fetur suke bi.

Maganar agoguna gajera ce a Mubi, doguwa a Jamus. Can mai gyara yakan cire babban agogon kamfani ya sa ɗan ƙarami mai nuna lambobi, irin na kamfanin Motogadget da ke Berlin. Wannan ba ya aiki da igiya. Ana manna maganaɗisu a ƙafar babur, a sa abin da ke ƙirga zagayensa, sannan a shigar da tsawon kewayen taya da milimita. In aka kuskure lissafin, gudun da zai nuna ƙarya ne, doka kuma ba ta yarda agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi ba. Adadin kilomitar da babur ya ci shi ke yanke farashinsa a kasuwar na-hannu, kuma mayar da shi baya laifi ne da ake hukuntawa.

A nan gida maleji da igiya yake aiki, daga cibiyar ƙafar gaba zuwa bayan agogo. Ranar da igiyar ta tsinke, yawanci ranar ce maleji ya gama aiki, domin ba kasafai ake sayen wata ba. Matuƙi da kunne yake gane gudunsa. Mai kuwa, girgiza babur ake yi a saurara, ko a buɗe tanki a leƙa, in ya fara shaƙewa a juya famfo zuwa rizab, kodayake tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa ya ƙara sa ido a kan abin da ke cikin tankinsa. Mai sayen tsohon babur ba ya tambayar kilomita. Yakan tayar da shi ya ji ƙarar inji, ya duba hayaƙin salansa, ya tambaya ko an taɓa buɗe shi. Fitila ɗaya ce a gaban matuƙi da ake gyarawa ba ɓata lokaci, wato koriyar nan ta firi. Wannan ilimin kunne abin girmamawa ne, amma akwai asara a ciki: kamfani da kilomita yake auna lokacin juye, kuma wanda ke yi da kwanaki zai iya makara idan aikin ya yi yawa a makon.

A baya ne bambancin ya fi fitowa fili. Bajamushe yakan cire doguwar robar da ke riƙe da lamba ya sa ɗan gajeren ƙarfe, domin tayar baya ta fito a gani. Ko a nan ma da ma'auni yake aiki: kada lamba ta kwanta fiye da digiri 30, dole a sa mata fitilar da ke haska ta, dole a bar jan madubin nan mai mayar da haske. Wanda ya yanke ƙarfen gangar jiki sai ya kai wa injiniyan dubawa ya amince, a rubuta a takardun babur.

A Mubi ba wanda zai yanke madigadi, domin fasinja ba zai yarda taɓo ya ɓata masa riga ba. Tsawo ake ƙarawa. Mai walda yakan cire kariyar kamfani ya ƙera wata da rodi ko ƙarfe mai kusurwa, mai faɗi, da ƙugiyoyin ɗaure roba, ya tokare ta da ƙafafu biyu zuwa gangar jiki. Wasu sukan ƙara shokozoba ta zama biyu a kowane gefe, a sa kujera mai tsawo, a ɗinka mata riga. A kan wannan kariya buhun masara da wake da gyaɗa ke shigowa gari, a kanta jarkoki da akwatunan kaya ke fita, har akuya da tunkiya. Aiki ne na fasaha, wanda ya mayar da babur mai ƙaramin inji abin dakon da mota ba za ta iya maye gurbinsa a hanyar dutse ba. Amma nauyin da ya zarce cibiyar ƙafar baya yana sauƙaƙa ƙafar gaba, a hawan tudu kan babur ya riƙa rawa, birkin gaba ya rage kamu. Kuma kariyar da ta yi tsawo takan rufe danja, buhu ya ƙarasa rufe ta, direban motar da ke tahowa a baya da dare ba ya ganin komai sai ya iso. Matsar da danja zuwa ƙarshen sabuwar kariya bai wuce ƙarin waya ɗan taƙi ba. Haka nan mai walda mai lura yakan cire kan batir da akwatin wutar inji kafin ya kunna na'urarsa, domin wutar walda tana ƙona su.

Ba wai Najeriya ba ta da doka ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba ababen hawa na jihohi suna da hurumin tsayar da babur marar fitila ko lamba. Sai dai a arewa tambayar da hukuma ta fi yi wa babur ta tsaro ce. An hana hawansa a Maiduguri a 2011, Kano ta hana acaba a farkon 2013, Mubi kuma, wadda mayaƙan Boko Haram suka mamaye a ƙarshen Oktoban 2014 kafin a ƙwato ta a Nuwamba, ta ga nata takunkumin, abin da ya buɗe wa Keke Napep titunan cikin gari. Jami'in da ke shinge yana duba wanda ke kai, da abin da ya ɗauko, da takardu, ba kusurwar lamba ba. Indiya, inda ake ƙera Boxer da TVS, ta bi wata hanya: tun Afrilun 2017 sababbin baburan da ake sayarwa a can fitilarsu a kunne take da zarar an tayar da inji, a Janairun 2019 kuma kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da haramcin sauya fasalin abin hawa daga yadda aka yi masa rajista.

Kayan da aka cire ma makomarsu ta bambanta. Bajamushe yakan adana tsohuwar fitila da agogo da robar lamba a kwali, domin ya mayar da su idan zai sayar, tunda babur da ke yadda kamfani ya yi shi ya fi daraja a kasuwarsu. A Mubi wasu har ledar kamfani suke bari a kan kujera da tanki tsawon watanni saboda wannan dalili na kasuwa, amma abin da aka riga aka cire ba ya kwana a gida. Yana shiga akwatin bakanike, gilashin danja ya koma kan wani babur, soket da wayoyi kan wani, tsohuwar kariya kuma mai walda ya yanka ta ya ƙarfafa ta gaba da ita.