Baƙo Raɓa Ne

A gabashin birnin Stokholm na ƙasar Suwidin, cikin Tekun Baltik, akwai tsibirai wajen 30,000, mafi yawansu babu kowa a kai sai tsuntsaye da itatuwa. Al'adar mutanen ƙasar ce tun kaka da kakanni, kowa na iya ratsa dajin da ba nasa ba, ya tsinki 'ya'yan itace, ya kafa tanti ya kwana ɗaya ko biyu ba tare da neman izinin mai ƙasa ba. Suna kiran wannan al'ada allemansrätten, wato haƙƙin kowa da kowa, kuma a shekarar 1994 aka ambace ta cikin tsarin mulkinsu. Sharaɗinta biyu ne: kada baƙo ya dami kowa, kada kuma ya lalata kome.

Wani saurayi ya taso cikin wannan al'ada, ya hardace sharuɗɗan tun yana yaro. Wata rana ya tuƙa ɗan kwale-kwalensa zuwa wani ƙaramin tsibiri. Ya yi nesa da gidajen mutane, ya kauce wa tsibiran da aka keɓe wa tsuntsaye lokacin ƙyanƙyasa, sa'an nan ya kafa tantinsa. Da rana ta faɗi sanyi ya kama shi, sai ya tara ƙirare ya hura wuta a kan wani faffaɗan fā mai santsi a bakin ruwa. A ganinsa ya yi dabara, don kuwa dutse ba ya kama wuta. Da gari ya waye ya tattara sharar da ya yi, ya share toka, sai ya tarar zafi ya fasa fān, ɓawonsa ya ɓantare, baƙin tabo ya zauna.

To, ƙanƙarar da ta taɓa lulluɓe ƙasar ita ce ta goge wannan fā, kafin ta narke shekaru wajen 10,000 da suka wuce. Ciyawar da aka tattake takan farfaɗo, toka kuwa ruwan sama kan wanke ta, amma dutse in ya fashe ba ya komawa. Babu wanda ya gan shi, babu kuma wanda ya tuhume shi. Wannan shi ya fi damunsa, domin haƙƙin da ya more an gina shi ne bisa amana, ba bisa tsoron mai gadi ba. Ya gane cewa in masu irin aikinsa suka yawaita, masu ƙasa za su sami hujjar neman a taƙaita 'yancin, har ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

A shekarar 2018, lokacin da fari ya tsananta, gobarar daji ta ci wurare da dama a Suwidin, aka hana hura wuta a waje a yawancin ƙasar. Bayan an yi ruwa ya sake komawa tsibirin, wannan karon da ɗan rishonsa da bargo mai kauri. Tabon na nan yadda ya bar shi. Ya kafa tanti kusa da shi, ya kwana cikin sanyi. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. Kafin hantsi ya naɗe kayansa ya tafi, ciyawar da ya kwanta a kai kuwa ta soma miƙewa.