Jirgin ruwa bisa kamiyo

A karkarar Guna, cikin gundumar Mirya, masunci ba shi da kogi na dindindin. Tabkunan Korama ne gonarsa, su kuwa da rani ya yi nisa sai su ja baya. Akwai wani dattijo can wanda kwalekwale ɗaya ne dukiyarsa duka. In ruwan gida ya ƙafe, sai ya yi jinga da mai kamiyo, a kai masa jirgin tabkin Gidimuni.

Ɗorawar ita ce babban aiki. Kife shi ake yi bisa tsofaffin tayoyi, a ɗaure gaba da baya, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna don kada rana ta tsaga katako. Dattijon ba ya shiga gaban mota. Bisa kaya yake zama, hannunsa kan igiya, kunnensa ga kowace gargada, domin tsaga ɗaya ta isa ta hana gidansa tuwo wata guda, ga kuɗin mota na rance.

Samari kan yi masa dariya, wai jirgi ya hau mota. Alhali ƙasar nan ta ga abin da ya fi haka: cikin 1850 ayarin Richardson da Barth ya keto Sahara daga Turabulus da jirgi gunduwa-gunduwa bisa raƙuma, Overweg ya shiga tabkin Cadi da shi cikin 1851. Su neman sani ya kawo su. Shi hatsin iyali yake bi, kuma bana ma ya riga ya sayi sabuwar igiya.