Inna, Kuna Jin Mu?

Duk ranar Juma'a bayan la'asar muke kiran gida. Ƙanenmu ne mai babbar waya, don haka shi muke kira ta WhatsApp. Sai ya fito ya tsaya gindin darbejiyar ƙofar gida inda sabis ya fi zama, sannan ya aiki yaro ya kirawo Inna. Kafin a kai ga gaisuwa sai an sha "kuna jin mu?" sau uku ko huɗu. Ita kuma ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken gulbi: "Ina jin ku! Wanga abu naku ya cika yankewa." Mu yi dariya, dariyar ta isa gare ta bayan ta riga ta shiga wata maganar.

Gidanmu yana wani ƙauye kusa da kufan Alkalawa, a ƙasar Sabon Birni. Nan ne babban birnin Gobir a zamanin Bawa Jan Gwarzo, har zuwa 1808 lokacin da rundunar jihadi ta ci shi. Bayan haka Gobirawa suka rarrabu. Wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja layinsu, sai Tsibiri ta faɗa Nijar, mu muka faɗa Najeriya. Layin bai hana auratayya ba. Yayar Inna, wadda muke kira Inna Babba, a Tsibiri aka kai ta aure tun kafin a haife mu.

Muna yara, kaset ne wasiƙar tsakaninsu. Inna za ta zauna gaban rikoda ta gaida kowa da sunansa, ta ba da labarin damina da wanda ya haihu da wanda ya rasu, a naɗe kaset ɗin a leda a ba direban da ke ƙetarawa. Amsa takan yi wata guda. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta ɗauki shekaru kafin ƙarfen sabis ya iso wajenmu. Ko da ya iso, kiran Tsibiri kiran ƙasar waje ne, daga 234 zuwa 227, katin ɗari biyu ba ya kai ƙarshen gaisuwar Bagobira. Sai aka koma filashin: ka kira ka katse, wancan ya gane kana raye.

A 2015 WhatsApp ya fara kiran murya. A lokacin mun gama karatun ilimin kwamfuta, mun kama aikin haɗa manhajoji a Abuja. Da albashin farko muka sayi wayoyi biyu, ɗaya ta ƙanenmu, ɗaya aka kai wa jikan Inna Babba. Ranar da aka fara haɗa su sun yi fiye da awa suna magana, Inna tana ta tambaya ko kuɗin bai ƙare ba. Ba ta yarda ba sai da aka nuna mata cewa datar da ta tafi ba ta kai kuɗin goron da take ci a rana ba.

Dalilin arhar ba boyayye ba ne. A kiran da muka saba da shi, kamfani yana keɓe maka hanya daga wayarka zuwa ta wancan, ya caje ka a kan lokaci, ya ƙara maka idan ka ƙetara iyaka. Kiran intanet kuwa, waya ce ke mayar da muryarka lambobi, ta yayyanka ta gunduwa-gunduwa, kamar gunduwa hamsin a kowace daƙiƙa, ta tura su su bi hanya tare da hotuna da saƙonnin sauran jama'a. Intanet nauyin kaya take aunawa, ba ruwanta da nisan tafiya ko tutar ƙasa. Minti guda na magana bai kai megabait ɗaya ba, ko Tsibiri ka kira ko Jidda.

Amma gunduwoyin nan ba sa isa a jere kullum. Wata ta makara, wata ta ɓace a hanya. Wayar mai sauraro tana da ɗan rumbu inda take tara su na ɗan lokaci ta jera kafin ta sake su a kunne. Wadda ta makara da yawa sai a yar da ita, shi ya sa kake jin kalma ta gutsire. Akwai dabarun matse murya, irin su Opus da aka daidaita a 2012, masu rage kyawun sauti idan hanya ta ƙuntata don dai maganar ta wuce. Shi ne lokacin da murya ke komawa kamar daga cikin tulu. Masana sadarwa sun ce idan jinkiri ya haura kimanin milisakan 150, mutane za su fara cin karo da juna a magana. Mu mun san wannan tun kafin mu karanta shi, domin sau nawa muka amsa "lafiya lau" a kan tambayar da Inna ba ta gama yi ba. Idan kuwa harafin E ya bayyana a saman waya maimakon 4G, gara ka haƙura.

Duk wannan mun san shi a takarda. Abin da muka manta shi ne, komai wayon manhaja, a kan ƙarfe guda take rataye, ƙarfen nan da ke bayan gari da janaretonsa da maigadinsa.

A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara. Bayan makonni kaɗan aka rufe na ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Hujjar ita ce a katse tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Juma'ar farko muka kira, wayar ta yi ta nuna tana kira, ba ta shiga ba. Juma'a ta biyu haka. Muna zaune a ofis mai intanet mai gudu kamar iska, muna iya ganin fuskar abokin aiki da ke Jamus, amma ba mu san ko mahaifiyarmu ta kwana lafiya ba.

Mutanen iyaka ba sa rasa dabara. Sabis ɗin Nijar yakan tsallako wasu tuddai, don haka aka shiga sayen layukan can. Ƙanenmu ya samu ɗaya. Abin da ya taimake mu shi ne WhatsApp yana riƙe da lambarka ta asali ko da datar daga wani layi take zuwa, saboda haka ba sai mun nemi sabuwar lamba ba. Sau ɗaya a mako, wani lokaci sau biyu, yakan hau babur ya nufi wani tudu inda akan samu sanda ɗaya ta sabis. Hanyar ba ta da aminci, ba a daɗewa a wurin. Kira kuma ba ya yiwuwa, domin kira yana buƙatar ku biyu ku kasance a kan layi lokaci guda, hanya kuma ta zauna ba yankewa. Saƙon murya ne ya yi mana rana. Shi yana da haƙuri. Ka naɗe shi a ɗaki inda babu sabis, ya zauna cikin waya da 'yar alamar agogo, duk sa'ad da ya samu ƙofa ya fice. Ashe kaset ɗin Inna ne ya dawo, sai dai direban ya canja.

Cikin waɗannan makonni Allah ya yi wa Inna Babba rasuwa. Daga Tsibiri aka kira mu ta WhatsApp ana kuka, ba a yi minti goma da cikawarta ba. Mu da ke Abuja muka riga ji, ƙanwarta da ke kusa ba ta sani ba. Muka rasa yadda za mu yi. A gidanmu ba a faɗa wa tsohuwa mutuwa daga nesa. Babba ne ke zuwa ya zauna, ya yi sallama, ya kawo wata magana tukuna, sannan ya faɗa. Mun naɗi saƙo mun goge ya fi sau biyar. Daga ƙarshe muka yi wa ƙanenmu magana shi kaɗai, muka ce idan ya ji kada ya kunna a gaban kowa, ya je ya samu Baffa, shi ya san yadda zai shiga wurinta.

Saƙon ya tsaya a kan alama ɗaya. Mun duba wayar nan a masallaci, mun duba ta a tsakar dare. Sai rana ta huɗu alamar ta zama biyu. An riga an yi sadakar uku.

Mako na gaba saƙonta ya iso, minti shida. Ba ta yi kuka a ciki ba. Ta gaida 'ya'yan marigayiya ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta yi addu'a, ta ce a yafe mata rashin zuwa, hanya ce ba ta biyuwa. A ƙarshe ta ce, "Ku kai musu wagga magana yadda na faɗe ta, kada ku rage komi." Muka tura shi Tsibiri. Ta'aziyyar da ba ta wuce tafiyar yini ba sai da ta biyo ta Abuja.

Da sabis ya dawo, mun ɗauka komai zai koma yadda yake. Bai koma ba. A yankinmu yanzu ƙarar waya tana da fuska biyu. Hanyar da ke kawo muryar uwa ita ce ke kawo muryar mai neman kuɗin fansa. Baƙuwar lamba ta kira ka da dare, sai gabanka ya faɗi kafin ka ɗauka. A watan Agusta na 2024, a wayoyinmu muka ga bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana hannun waɗanda suka sace shi yana neman agaji, a wayoyin nan kuma muka ji labarin rasuwarsa. Don haka idan wani ya ce a rufe sabis, mun san ciwon da ya sa ya faɗa. Mun kuma san abin da kwana huɗu na alama ɗaya yake nufi, da yadda ƙauyen da aka kai wa hari cikin shiru ba shi da hanyar kiran kowa.

Abin ya canja yadda muke aiki. Da can muna gwada manhaja a kan intanet ɗin ofis, idan ta yi gudu mu ce ta yi. Yanzu kafin mu sake ta sai mun rage gudun layin da gangan zuwa na harafin E, mu katse shi a tsakiyar aiki, mu ga ko za ta riƙe abin da aka ba ta har sabis ya dawo. Sai mun tambayi kanmu ko wanda bai iya karatun boko ba zai iya amfani da ita da murya kawai, da kuma ko za ta cinye cajin wayar da sai an biya mai sola kafin a cika ta. Abokan aiki sukan ce mun cika tsanani. Mukan ce musu akwai wanda ke hawa babur ya sayar da ransa don sanda ɗaya ta sabis, bai kamata manhajarmu ta ɓata masa ita wajen sauke hoton talla ba.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ba mu musa ba. Da hanya ta ɗan lafa, Inna ta matsa sai da aka kai ta Tsibiri ta zauna kwana uku a ɗakin yayarta. Ta ce abin da aka faɗa a waya an faɗa, amma ba a zauna ba. Mu ma mun san kiran Juma'a ba ya biyan bashin zuwa gida, ya dai hana shi yin nauyin da ba za a iya ɗauka ba.

Har yanzu muna ajiye da saƙon nan na minti shida. Mun kwafe shi a wurare uku, kamar yadda muke yi wa duk abin da ba ma son rasawa a wurin aiki. Juma'ar da ta wuce muka kira, ya shiga a bugu na biyu. Muka ji takun yaron da aka aika, da kukan akuya, da ƙarar ƙyauren langa-langa. Kafin mu buɗe baki ta riga mu: "Ina jin ku. Ku faɗi."