Takardar 'Yan Agajin Unguwarmu

Ni akawu ne. Aikina in karɓi takardun jama'a, in sa musu lamba, in jera su cikin fayil har ran da manya za su duba. Na yi shekara 20 ina wannan aiki, amma ba takardar da na ke tunawa da kunya kamar wata da ta zo hannuna ana gab da shiga hunturu.

Daga 'yan agajin unguwarmu ta fito. Samari ne su 12, akwai tela, akwai birkila, akwai mai faci, har da malamin makarantar allo, ba kuwa mai biyansu ko anini. Wani tsohon zaure shi ne ofishinsu. Abin da suka roƙa shi ne a gyara musu rufin zauren, domin damina ta jiƙa musu bandeji da auduga, a kuma taimake su da tsani, da bokitai, da tocila, da gadon ɗaukar marasa lafiya. Da na karanta sai na ce a raina, "Waɗannan dai masu son sa kaki ne da busa usur ran Salla." Na tura ta can ƙarƙashin fayil, na mance.

Bayan wata biyu, ran nan da tsakad dare, iska na kaɗawa, sai garwashin da mahaifiyata ta sa a kasko don jin ɗumi ya kama tabarma, tabarma ta kama labule. Kafin mu farka hayaƙi ya toshe ƙofar ɗakin. Aka buga wa 'yan kwana-kwana waya, amma tasharsu da nisa, lungunmu kuwa ko amalanke da ƙyar ya ke shiga. Waɗanda suka fara isowa su ne samarin nan da na raina. Nan da nan suka jera mutane daga bakin rijiya, bokiti na bin hannu, ko da ya ke biyu cikin bokitan yoyo su ke. Telan ya jiƙa bargo ya lulluɓa, ya kutsa ɗakin, ya fito da tsohuwa a goye. Da ya ke ba su da gadon da suka roƙa, sai suka ɓalle ƙyauren ɗaki suka ɗora ta a kai har bakin titi.

Tsohuwa ta warke, alhamdu lillahi. Amma telan ya ƙone a hannuwa, ya yi mako 6 bai taɓa keken ɗinki ba, ga shi da iyali. Da na je gaishe shi na rasa bakin magana. Shi ne ma ya ce, "Malam, ba kome, Allah Ya kiyaye gaba. Yaya jikin Inna?" Ko kusa bai ambaci takardar ba. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

To, jama'a, kada mu ɗauki aikin sa kai ƙaramin abu. A 1859 aka yi wani mummunan yaƙi a Solferino, cikin ƙasar Italiya. Wani mutumin Suwizalan, Henry Dunant, ya tarad da dubban sojoji kwance ba mai ba su ko ruwa, sai ya tara matan wani gari na kusa suka yi ta jinyarsu. Daga nan aka kafa ƙungiyar Red Cross a Janiba a 1863, a Nijeriya kuma majalisa ta yi mata doka a 1960. Haka rundunar Sibil Difens, da 'yan sa kai ta faro a Legas a 1967, sai a 2003 aka yi dokar da ta tabbatad da ita. Kuma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya ci Maiduguri, samarin gari da masu kwalekwale suna cikin waɗanda suka yi ta tsamo mutane. Dalili kuwa a fili ya ke: hukuma daga nesa za ta taso, maƙwabci kuwa yana bayan katanga, ita gobara kuma ba ta jiran kowa.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Ya kamata kowace shekara hakimi ko mai unguwa ya tara jama'a, a kira sunayen mutanen nan, a ba su takardar yabo a gaban 'ya'yansu. Amma yabo kaɗai ba ya kashe wuta. Lalle a ba su ɗaki mai rufin kirki, da tankin ruwa kusa, da kayan aiki, a kuma kai su wurin 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti su koyi aikin sosai. Wanda ya ji rauni wajen ceton wani, a ɗauke masa kuɗin magani da na cefane har ya warke.

Ran da na koma ofis na zaro takardar nan, na kai ta gaban manya da hannuna, na gaya musu laifina. An gyara rufin zauren, mutanen unguwa kuma sun yi karo-karo sun sayi bokitai da gadon. Tsani ne har yanzu ba a samu ba, ina nan ina bin maganarsa. Kai mai karatu, tun da Allah Ya ba ka sanin rubutu, je ka tambayi 'yan agajin unguwarku abin da suka rasa, ka rubuta musu takarda, ka kuma bi sawunta har ta fita daga hannun akawu irina. Allah Ya tsare mu daga gobara, amin.