Taku Nawa, Kuma Kowane Taku Tsawonsa Nawa?

Kamu da gaba da taku ma'aunai ne da Bahaushe ya ciro daga jikinsa, kuma tun fil azal an san aibinsu: kamun dogo ba na gajere ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda wannan tsohuwar matsala ta sake ɓullowa a cikin wayar salula.

GPS ya dogara ne da saƙon taurarin ɗan'adam, saƙon kuwa rauni gare shi, rufin kankare kan tare shi. Saboda haka idan mutum ya shiga babban asibiti ko ƙarƙashin bene, sai waya ta koma lissafi: daga ina aka tashi, ina aka dosa, taku nawa aka yi, kowanne tsawonsa nawa. Ƙidayar ba ta da wuya, domin akwai na'urar auna girgiza a cikin wayar, tana jin saukar kowace ƙafa. Tsawon ne ke da gardama. Kuskuren santimita 5 ba kome ba ne a ido, amma idan ya maimaitu a taku 200 ya zama mita 10. Ga ɗan kwana-kwana da ake nema cikin hayaƙi, mita 10 wani ɗaki ne dabam.

A shekarar 2002 Harvey Weinberg na kamfanin Analog Devices ya fitar da wata dabara: a ɗauki tazarar da ke tsakanin girgiza mafi ƙarfi da mafi rauni a taku guda, a sarrafa ta, a ninka da wata lamba. Sai dai lambar dole a daidaita wa kowane mutum tasa. Masu koyar da na'ura sun bi wata hanya. Sukan sa mutane su yi tafiyar da aka auna tsawonta, a ba kwamfuta dubban misalai, ita ta gano alaƙar girgiza da tsawo.

Nan ne nake da ja. Na'ura tafiyar malamanta kawai ta sani. Idan samari masu wando da kambas ne suka horar da ita, me za ta ce da takun mace mai zane da goyo, ko dattijo mai dogara sanda, ko wanda ke jan silifa? Wayar ma wani a hannu yake riƙe ta, wani tana lilo a aljihun babbar riga, kuma girgizar da take ji a wuraren biyu ba ɗaya ba ce.