Zazzaɓin Kwamfuta

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan kwanon rufi har mutum ya rasa inda zai sa kansa, kwamfutata ta tebur ta tsiro da wani sabon hali. Da safe lafiya lau take. Da zarar an yi azahar sai fankar cikinta ta ɗauki ƙugi kamar injin markaɗe, in danna harafi sai ya ga dama ya fito. Ran nan ina tsaka da aikin da na kwashe awa biyu a kansa, sai ɗif, ta mutu. Na ɗaga kai na dubi ƙwan fitila, wuta na nan. Na kai hannu bayan akwatin, sai na ji wani huci kamar na bakin tanda.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne bairos. Mu dai a wurinmu duk ciwon kwamfuta bairos ne, kamar yadda duk zazzaɓi maleriya ne. Washegari na rungume ta sai Beirut Road, nan Kano, wurin wani saurayi mai gyara. Na dire masa ita na ce ya yi mata fomatin.

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai likita ba ya yin allura sai ya auna. Bari mu ji zafin jikinta tukuna."

Ya jona ta, ya buɗe wata ƙaramar manhaja mai suna HWMonitor, ya nuna mini wani layi da yatsa. Ba ta aikin komai, amma ma'aunin na nuna digiri 74. Ya kunna bidiyo, ya buɗe shafukan intanet uku. Muna kallo lambar ta riƙa hawa: 85, 92, 99. Fanka ta ɗauki kukan nan da na sani.

"Ka gani, Baba? Ba bairos ba ne. Numfashi ne ya gagare ta."

A nan na fara gane wani abu da na daɗe ina yi wa gurguwar fahimta. Akwatin nan gaba ɗaya da muke kira sipiyu, ashe ainihin mai sunan wani ɗan abu ne a ciki, furosesa, wanda faɗinsa bai wuce na kwalin ashana ba. Shi ne ke yin duk lissafin, kuma kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa. Irin waɗanda aka fi samu a kwamfutocin ofis an tsara su ne a kan wat 65. Wanda ya taɓa kuskuren kama ƙwan fitila mai wat 60, irin na da, yana kunne, ya san abin da ake nufi. To, ka tattara wannan zafin ka cusa shi cikin ɗan wurin nan. Shi ya sa ake ɗora masa wani ƙarfe na alminiyam mai haƙora kamar mataji, ya zuƙe zafin, fanka kuma ta hura ta kore shi.

Lafiyayyar kwamfuta, in tana zaune ba aiki, ba kasafai take wuce digiri 30 zuwa 50 ba. In aiki ya yi nauyi ta kai 70 ko 80, ba abin tashin hankali ba ne. Amma akwai iyaka. Yawancin furosesocin Intel iyakarsu wajen digiri 100 ce, na AMD da yawa kuma 95. Da sun kusanci wurin sai su rage gudu da kansu don su huce. Nauyin nan da nake ji da rana ke nan. In rage gudun bai wadatar ba, sai kwamfutar ta kashe kanta. Mutuwar da na ɗauka lalacewa ce, ashe gudun ceton rai ne.

Saurayin ya cire wayar wuta, ya kwance kusoshi biyu, ya zare murfin gefe. Gani ya kori ji. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen nan ƙura ta danƙare ta zama bargo guda, ja-ja, mai kauri, har da zaren darduma da saƙar gizo-gizo. Ya sa tsinke ya ɗago ta, ta taso a dunƙule kamar fatar da aka saɓule. Fankar tana ta juyawa wata da watanni, amma bango take hurawa.

Wannan ƙurar na san ta. Ita ce wadda muke sharewa a kan tebur kowace safiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a share yanzu, a dawo anjima a rubuta suna da yatsa. Ta kan tebur tana da mai share ta. Ta cikin akwati kuwa fanka ce ke janyo ta da kanta, ba mai gani. Lokacin hunturu ba a jin komai, don iskar ɗaki da sanyinta. Sai bazara ta shigo, zafin gari ya haura digiri 40, sannan asiri ya tonu. Hunturu ke shuka, bazara ta girbe. Kuma fanka ba firji ba ce. Iskar ɗakinka take ɗiba ta hura. Yadda duk ta kai ga ƙarfi, ba za ta sauko da furosesa ƙasa da zafin ɗakin ba. Saboda haka mutumin Sakkwato ko Maiduguri da ya ga wani Bature a YouTube yana alfahari da digiri 30, kada ya tayar da hankalinsa. Ɗakunan ba ɗaya ba ne.

Saurayin ya fita da kwamfutar ƙofar shago ya kunna abin hura iska. Na lura ya danne fankar da yatsa kafin ya hura. Na tambaye shi dalili, ya ce in aka bar iska ta juya ta fiye da ƙima, sai ta lalace ta fara ƙara. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya toshe hanci yana cewa, "Wannan ai buhun ƙasa Alhaji ya kawo maka."

Bai tsaya nan ba. Ya cire ƙarfen gaba ɗaya, ya nuna mini saman furosesan. Akwai wani maiko mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin su biyun, don ƙarfe da ƙarfe, ko sun yi sumul a ido, akwai 'yan ramukan da iska ke maƙalewa, iska kuwa ba ta iya miƙa zafi sosai. Nawa ya bushe ya farfashe kamar ƙasan tafki da rani. Kwamfutar 'yar gwanjo ce, wa ya san shekarun da ta yi a wani ofis a Turai kafin ta hau jirgin ruwa? Ya goge tsohon da auduga da sifirit, ya ɗiga sabo a tsakiya, bai wuce ƙwayar wake ba. Na ce ya ƙara, kada ya yi mini rowa. Ya ce, "Baba, ba man shanu ba ne a tuwo. Rami kawai zai cike." Ya ƙara da cewa akwai masu shafa man goge baki in sun rasa, kwana kaɗan ya bushe a koma gidan jiya. Ya mayar da ƙarfen, ya danna ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya har kowace ta ce ƙas, don in ɗaya ta saki, ƙarfen ya karkace, aikin ya tashi a banza.

Da aka sake kunnawa, ma'auni ya tsaya a 46. Aka saka bidiyon ɗazu, bai wuce 68 ba. Fankar ta yi shiru har sai da na kara kunne.

Tun daga ranar idona ya buɗe, duk inda na shiga sai na ga yadda muke shaƙe na'urorinmu da hannunmu. Wani ya cusa akwatin cikin durowar tebur ya rufe. Wani ya manna bayansa da bango, iskar da ta fita ta dawo ciki. Wata ta ɗinka masa riga mai ado don gudun ƙura, kuma ta kunna shi da rigar a jiki. A shagunan buga takardu kuwa an fi son a cire murfin gefe a saita fankar tsaye. Yana taimakawa na ɗan lokaci, amma ƙofa ce aka wangale wa ƙura da kyankyaso. Tsarin akwatin mai sauƙi ne: iska ta shiga ta gaba, ta ratsa, ta fita ta baya. A ɗaga shi daga ƙasa, a ba shi tazarar kamu guda daga bango, an gama rabin magani.

Ita ma lambar ba a bin ta ido rufe. Wani lokaci manhaja kan nuna 127 a wani layi alhali akwatin da sanyinsa. Ma'aunin da ba a jona da komai ba ne ke shirme. Wani kuma ya ga 140 ya firgita, bai lura ma'aunin Faranhait ba ne, wanda a Salshiyas 60 ne kacal. In kuwa ciki tsaf yake amma zafi ya ƙi sauka, a leƙa Task Manager a ga abin da ke cinye ƙarfin furosesan. A nan ne kawai zancen bairos ke da gurbi.

Abin da na biya ranar bai kai kuɗin cefanen yini ba, ni da na tafi da shirin jin farashin wata kwamfutar. Yanzu na sa wa kaina doka: da zarar hazo ya ɗauke, kafin zafi ya kankama, sai an buɗe an kakkaɓe. Kai ma in ka ji fankar taka ta sauya murya, kada ka ƙara sautin rediyo. Ruwa ba ya tsami banza. Kashe kwamfutar, cire wayar wuta, ka buɗe ka duba.