Kalmasar da ba a yi da allura ba

A CLO 3D, haɗa gaban riga da bayanta ba ya cin minti ɗaya. Ka danna gefen wannan ƙyalle, ka danna na wancan, ka sa manhajar ta motsa, sai ka ga yadi ya faɗa jikin mutum-mutumin ya zauna. Abin gwanin sha'awa, amma rigar takan fito kamar an narka roba an zuba wa mutum. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela, kallo ɗaya zai yi mata ya ce, ina ɗinkin?

Dalilin kuwa, manhajar liƙa baki da baki kawai take yi. A keke, idan ka haɗa ƙyalle biyu akwai rarar da ke kwance a ciki, kuma ita ce ke ɗan ɗaga wurin. Kalmasa ta fi haka ma: ninki biyu na nufin yadi uku a jere, shi ya sa ƙasan kaftani yake da nauyi, yake tsayawa maimakon ya riƙa lilo.

Don a samu wannan a kwamfuta, nakan ƙara tsawon ƙyallen, in ja layi a inda zan ninke, in canza kusurwar ninkin. 180 na nufin a miƙe yake, 0 ko 360 kuma ya ninku gaba ɗaya. A nan ne laftof ke fara kuka. Yadin da kake gani a allo raga ce ta ƙananan alwatika, kuma tazarar da manhajar ke farawa da ita milimita 20 ce. To yaya kalmasa mai faɗin santimita ɗaya za ta fito a ragar da idonta ya ninka ta biyu? Sai an rage zuwa 5 ko ƙasa da haka. Ka rage wa rigar duka, fanka ta ɗauki ƙara, batir ya zube, wuta kuma ba ta da alƙawari. Ni dai sai na gama komai nake ragewa, a ƙyallayen da ido zai sauka kansu kaɗai: wuya, bakin hannu, aljihu.

Zaren da ke fitowa a sama shi ne mai sauƙi, akwai kayan aikinsa daban. Ka zaɓi kaurin zare, nisansa daga baki, da yawan taku a inci ɗaya. Rigar ofis takan ɗauki 10 zuwa 12, wandon jins 7 ko 8 da zare mai kauri. Na sha ganin aikin da aka ɗora wa yadi mai laushi zaren jins, wai don ya fito a hoto. Ya fito kam.

Inda muke musu da 'yan ajinmu shi ne tattarar nan da ke bin layin ɗinki. Manhajar na da hoton tattara da ake shimfiɗawa, wasu kuma ko'ina suke zuba shi saboda yana burge malami daga nesa. Ni ban yarda ba. Atamfar da ta sha wanki tana tattarewa. Shadda mai sitati da ta sha guga kuwa, idan kalmasarta ta tattare, mai kaya dawo da ita zai yi.

Wannan ne ya fi damuna, fiye da maki. Bayan difloma, hoton nan zan tura wa mutum ta WhatsApp kafin in sa almakashi a shaddarsa ta Sallah. Abin da ya gani shi zai zo karɓa, kuma farkon abin da zai yi shi ne ya juya bakin rigar ya duba ciki. Saboda haka a kaftanin furojet ɗina na ƙara wa yadin tauri, na bar kalmasar a miƙe sumul, tattara kuma na sa 'yar kaɗan a hammata, inda ko telan da ya fi kowa hannu ba ya tsira.